Sandar Goma, Ƙwaya Sha Ɗaya

Shekara arba'in da ɗoriya ina aikin kafinta, kuma duk wanda ya san ni ya san abin da ba na ɗauka: a biyo bayan aikina da tef ɗin awo. Ka sa ni ƙofa, in kafa maka, ka zaro tef kana dubawa, to daga ranar ka nemi wani kafintan. Na sha korar manyan mutane a kan haka, in dawo gida ina ba da labari ina ƙyaƙyata dariya. Auta ta fi kowa jin labaran nan, don ita ce mai zama kusa da ni in ina cin abinci.

Cikin 'ya'yana ita kaɗai ta yi karatun koyarwa. Tun tana 'yar mitsitsiya take jera yaran maƙwabta a tsakar gida tana ɓata mana bango da gawayi. Da ta gama karatu aka ɗauke ta gwaji na wata shida a wata firamare, ita da wata malama, gurbin kuwa ɗaya ne. A ƙarshen gwajin mai duba malamai zai zauna a bayan aji ya ga darasin kowacce, a riƙe ɗaya, a sallami ɗaya.

Saura sati uku ta same ni a shago da zane a takarda. Wai 'yan ajinta suna rikita sha biyu da ashirin da ɗaya, ba su gane cewa gidan da lamba ta zauna shi ke ba ta nauyinta ba. Tana so in yanko mata ƙananan ƙwayoyin katako masu kusurwa huɗu, kowacce ɗaya ke nan, sai sanduna, kowace sanda goma. In ta rubuta ashirin da uku, yaro ya ɗauko sanda biyu da ƙwaya uku ya gani da idonsa. Ta maimaita mini har sau biyu cewa in an jera ƙwaya goma a gefen sanda dole su zo kai ɗaya, don a nan duk darasin yake.

Na ce mata na ji. A raina kuwa na ce, mutumin da ya yi rufin gidaje ake kawo wa kayan wasan yara. Na soke takardar a ƙusa na ci gaba da wani kabad da ke gabana. Duk sanda ta tuna mini sai in ce aikin rabin sa'a ne, ta daina damuna.

Sai ana gobe mai dubawa zai zo, da la'asar, na waiwayi aikin. Na fitar da sanduna tsawo ɗaya, na ware wasu na bi su da zarton inji, kowacce gida goma. Ko wanda ya yi wata ɗaya a sana'ar nan ya san bakin zarto yana cin nasa rabon, kowane yanka sai ya mai da ɗan katako gari. Na sani sarai, na ga garin yana zuba a ƙafata. Da na ɗaga ƙwayoyin na ga sun ɗan tauye ta gefe ɗaya, maimakon in sake, sai na goge sauran gefunan don su yi kyan gani. Suka fito sumul, na shafa musu mai, na zuba a akwati ina jin daɗin kaina.

Da safe ta biyo ta shago cikin sauri, ta sha guga, jaka a kafaɗa. Ta buɗe akwatin a kan bencina, ta ɗauki sanda ɗaya ta fara jera ƙwayoyi a gefenta. Ta kai ta huɗu na ɗaga kai na gan ta.

"Auta, awo za ki yi mini?"

Ta janye hannu kamar ta taɓa garwashi. "A'a, Baba. Kyansu nake kallo."

Ta kwashe, ta rufe akwatin, ta yi mini godiya ta tafi.

Bayan kwana goma ta ce mana ɗayar malamar aka ɗauka. Na yi ta bambami, na ce son kai ne, na ce mai dubawar nan ko teburin kirki bai taɓa zama a kai ba. Ita dai ta tura akwatin ƙarƙashin gadon uwarta. Ta nemi wasu makarantu biyu, kowacce ta ce a kawo rahoton wancan gwajin, daga nan ba a sake kiranta ba. Ƙarshe ta kama aiki a wani kantin yadi, ta yi aure, ta haihu. Na ɗauka koyarwar ce ta fita ranta, har nakan tsokane ta in ce malama ta koma auna atamfa. Takan yi murmushi.

Shekara bakwai akwatin yana nan. Wata ranar hutu Auta ta kawo mana 'yarta, jikata mai shekara biyar, wadda bakinta ba ya hutawa. Yarinyar ta janyo akwatin ta baje a tabarma. Ni kuma na ga dama ta samu in nuna bajinta, na ce mata wannan sandar goma ce, ta jera ta gani. Ta jera tana ƙirgawa da ƙarfi. Ta kai goma, ga fili ya rage. Ta ƙara ɗaya, ta zauna daram.

"Kaka, ba ka iya ƙirge ba. Sha ɗaya ne."

Na karɓa na jera da hannuna. Na canza sanda, na canza ƙwayoyi. Sha ɗaya. Na juya, Auta tana tsaye a bakin ƙofar kicin da kofi a hannu, ba mamaki ko kaɗan a fuskarta. Na tambaye ta abin da ya faru ranar da mai dubawa ya zo.

Sai da na matsa mata ta faɗa, a hankali, tana kallon ƙasa. Ta ce ranar ta raba wa yara kayan, ta rubuta ashirin da uku a allo, suka ɗauko sanda biyu da ƙwaya uku, komai lafiya. Sai ta ce su jera su tabbatar da kansu. Wata yarinya a gaba ta ce ita ashirin da biyar ta samu. Auta ta ce ta sake ƙirgawa da kyau, yarinyar ta sake, ta fashe da kuka don tana ganin an ƙaryata ta. Kafin ka ce me aji ya kaure, kowa yana cewa sha ɗaya. Mai dubawa ya taso ya jera da kansa, ya tambaye ta ko ta gwada kayan kafin ta kawo wa yara. Ta ce ba ta gwada ba. Ya tambayi inda ta samo su, ta ce a kasuwa.

Na ce me ya hana ta gaya mini tun a lokacin.

"Baba, in na faɗa me zai gyaru? Kai ma sai in ɓata maka."

Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba, kuma har yau ba ta sake ni ba. Ƙwaya shida suka rage mata ta gano abin a kan bencina, da sauran lokacin da zan gyara, ni na tsawata mata.

Sati guda na yi ina yin sabbi. Kowace ƙwaya sai da na auna ta, kowace sanda na tsaga mata layi tara. Na kai mata kanti da rana tsaka, na ajiye akwatin a kan teburin da take yanka yadi, kusa da almakashinta. Na miƙa mata tef ɗina, na ce ta auna.

Ba ta karɓi tef ɗin ba. Ta ɗauki sanda ta jera ƙwayoyi ɗaya bayan ɗaya, leɓɓanta suna motsi, har goma. Suka zo kai ɗaya. Ta ɗan jima tana shafa su da yatsa.

"Sun yi daidai, Baba," ta ce. "Wa za mu ba?"

Wata mata ta shigo tana neman yadi huɗu na farin leshi. Auta ta rufe akwatin, ta tura shi ƙarƙashin tebur, ta jawo bandir ɗin.