Rabin Fayil

Auta na jona faifan ajiyar a kwamfutarsa ya ji ƙarar, ƙas, ƙas, kamar agogon da batirinsa ya kusa ƙarewa. Faifan da ya fara irin wannan kukan ba ya kai labari.

Duk abin da ya rage musu na Umma kuwa a ciki yake: hotuna, da bidiyo guda ɗaya tal da Auta ya ɗauke ta da wayarsa tana da rai. Wayar ta daɗe da ɓata.

Yaya, babbar yayarsa, tela ce. Ta rufe shago da tsakar rana ta biyo shi har ofis, ga ta nan tsaye a kansa da jaka a hammata, ta ƙi zama.

"Me kika yi masa, Yaya?"

"Me kuwa zan yi masa? Jiya na ce bari in kwashe kayan in zuba a kwamfutar gida. Na ja foldar na saki, na ga yana tafiya, na wuce shago. Ashe ina juya baya ya ci karo da hoton da ya kasa karantawa, ya kafe da tambaya yana jirana. Har yamma. Na tarar da faifan ya yi zafi kamar dutsen guga, abin da ya kwafa kuma hotunan ɗinkina ne."

Auta ya sunkuyar da kai. Kunya ta kama shi, don wannan 'yar tagar da ke fitowa a allo da tambaya aikinsu ce. Su ne masu gyaran manhajar da ke kwafe fayiloli da matsar da su, kuma ya fi wata nawa yana faɗa a kan wannan halin nata: fayil ɗaya ya lalace, ta tsayar da dubu.

"Au, ashe ku ne masu wannan shirmen," in ji Yaya. "To ka ga aikinka."

Yana da sabuwar da ya gyara, amma a kwamfutarsa kaɗai take, ba a amince da ita ba. Ita ba ta tsayawa. In ta tarar da abin da ya gagare ta, sai ta tsallake, ta tara tambayoyinta sai ƙarshe. Akwai kuma wani gyaran da ya haɗa shi da shugaban sashensu. Tsohuwar manhajar, in aiki ya katse a tsakiyar fayil, share ɗan abin da ta kwafa take yi. Auta ya sa tasa ta riƙa ajiye shi. Shugaban ya ce sam, rabin fayil shara ne, zai rikita mutane kawai, a cire. Auta ya ce to, bai dai cire ba tukuna.

Ƙas, ƙas. Foldar ta buɗe da ƙyar.

"Yaya, ba zai kai mu ƙarshe ba. Hotuna ko bidiyo, wanne zan fara?"

"Hotunan da yawa fa. Akwai na ranar da aka sallamo ta daga asibiti, akwai wanda take riƙe da 'yata."

"Ƙanana ne, ƙila mu tsira da wasu. Bidiyon babba ne. In na fara shi, wataƙila mu tashi ba ko ɗaya."

Ta ajiye jakar a kan tebur.

"Fuskarta ina da ita a kaina," ta ce a hankali. "Muryar ce ta fara ɓace min."

Ya ɗora yatsa a kan maus, linzamin kwamfutar. Shi da yake jan fayiloli tun safe har yamma ko kallo ba ya yi, yau sai da ya duba sau biyu. Ya kama bidiyon, ya ja shi zuwa ɗayar tagar, ta kwamfutarsa, ya tabbatar alamar kwafi ce ta fito, ba ta matsarwa ba, sannan ya saki. Ɗan koren layin ya soma rarrafe.

Yaya ta ciro kwali daga kwandon shara tana yi wa faifan fifita. Bai hana ta ba, ko da yake ya san ba wani abin kirki zai ƙara ba. A ɗakin gaba wani na kwasar dariya a waya, Auta ya ji kamar ya je ya ƙwace ta. Layin ya wuce kwata. Ya tsaya. Ya motsa. Yaya na ta motsa baki tana addu'a, kwalin bai huta ba.

Dab da tsakiya ƙarar ta canza, ta yi sauri, sannan ɗif. Faifan ya ɓace daga allon.

Ya cire ya mayar. Ya canza wayar jonawa. Ya kara kunne a jikinsa. Shiru.

"Shi ke nan?" in ji Yaya. "Hotunan ma?"

"Hotunan sun tafi."

Sai a lokacin ta zauna, kwalin na kan cinyarta. Auta ya buɗe ɗayar tagar. Fayil ɗin na nan, da 'yar alama a gefensa mai nuna bai cika ba. Ya danna.

Ga Umma a baranda tana shanya, iska na kaɗa mata mayafi. Ta juyo ta harari mai ɗaukarta, dariya na cin ta.

"Kai dai Auta ba ka da aiki sai ɗaukar mutane. Ajiye wayar nan ka zo ka kama min bakin..."

Hoton ya daskare, hannunta a miƙe.

"Zanin gado," in ji Yaya, hawaye na bin kumatunta. "Ina wurin. Kai kuwa ƙememe ka ƙi ajiyewa, ni na tashi na kama mata."

"Da na ajiye, Yaya..."

"Na sani." Ta jawo kujerarta kusa da tasa. "Mayar mana da shi farko."