Tozon Audi

Audi manomin gero ne a Ollelewa, ƙaƙƙarfa, mai fara'a, ba shi da wani aibu sai ƙullutun da ya fito masa a bayan wuya. Da fari kamar ƙwan zabo yake, a hankali ya kai girman goriba. Ba ya ciwo, in an taɓa shi laushi gare shi, yana zamewa ƙarƙashin fata. Amma mutanen gari sun sa masa suna Audi Mai Tozo, kuma sunan ya fi ƙullutun damunsa.

Ya sha rubutu har ya gaji. Dado, wani Bafulatani da ke kiwo wajen Belbeji, ya ɗora masa ƙarfe mai zafi yadda yake yi wa shanu, abin da ya samu tabo ne kawai. Wanzamin garin ya kafa ƙaho ya ja jini, da Audi ya ce ya sa aska ya fid da abin, sai ya girgiza kai ya ce ba ya wasa kusa da jijiyar wuya.

Matarsa Rahamatu takan ce, "Maigida, ka bar shi. Bai hana ka noma ba, bai hana ka barci ba."

"Ya hana ni sunana," in ji Audi.

Da kaka sai saƙo ya zo daga barikin Tanout cewa Nasara na ɗiban soja, kowane gari ya aiko da mazajensa. Samari suka watse cikin daji. Maigari ya kira Audi, ya zaunar da shi kusa da shi, abin da bai taɓa yi ba.

"Audi, kai za ka fid da mu kunya. Likitansu ba ya karɓar mai naƙasa. Da ya ga wuyanka zai ce ka koma gida, mu kuwa mun aika da mutum."

"Ranka ya daɗe, likita ka ce?"

"Likita. Duba ka kawai zai yi."

Audi ya amince da sauri har maigari ya yi mamaki.

A Tanout aka jera su a rana, aka sa suka tuɓe riguna. Garuruwa da yawa sun yi dabarar maigarin Ollelewa: ga mai ido ɗaya, ga gurgu, ga wani tsoho da ba haƙori a bakinsa. Likitan, wani Bature ja mai gumi, yana bi yana kora. Da ya iso kan Audi ya latsa ƙullutun, ya faɗi wata magana, tafinta ya ce, "An sallame ka. Tafi gida."

Audi bai tafi ba. Ya durƙusa ya kama ƙafar tafinta. "Malam, don Allah tambaye shi, abin nan yana da magani?"

Tafinta ya dube shi kamar mai duban mahaukaci. Ya rage murya ya ce, "Ɗan'uwa, na ce maka ka tafi."

Amma likitan ya riga ya juyo, ya nemi jin abin da ake cewa. Da aka gaya masa, fuskarsa ta saki. Ya ce kitse ne kawai ya taru cikin wata 'yar jaka, ba mugun ƙari ba ne, mutum na iya tsufa da shi lafiya lau. Shafe-shafe ba sa narkar da shi, in ana son rabuwa da shi sai an tsaga an ciro shi gaba ɗaya.

"A tsaga," in ji Audi.

Aka kwantar da shi rub-da-ciki a kan tebur, gardawan bariki suka danne shi. Likitan ya yi masa allura, wurin ya mutu, ya tsaga, ya ciro abin, rawaya, kamar kitsen rago. Ya ɗinke, ya naɗe wuyan da farin ƙyalle, ya ce ya zauna a bariki har a kwance zaren. Audi ya yi ta shafa wuyansa yana godiya, yana sa wa Baturen albarka.

Ranar da aka kwance zaren, kumandan barikin ya shigo yana faɗa, wai mutanen da aka samu ba su kai yadda ake so ba. Likitan ya duba aikinsa, ya ga ya haɗe sarai, ya buga kafaɗar Audi da alfahari. Ya ce a duk waɗanda aka kawo masa bana, babu mai lafiyar wannan.

Aka ba Audi jar hula da wando mai kauri, kayan soja.

Rahamatu ta iso Tanout a kan jaki da safiyar da za a wuce da su Damagaram. Ta same shi a layi, ta zagaya bayansa ta duba wuyan, ta daɗe tana kallo.

"Ya yi kyau," ta ce. "Ko alama kaɗan ce."

"Ki gaya wa mutanen gari."

"Zan gaya musu. Geron da ke gona fa, wa zai kai rumbu?"

Audi ya buɗe baki zai amsa, sarzan, sojan da ke kula da su, ya daka tsawa, layin ya motsa. Rahamatu ta bi su har bakin gari, tana jan jakin, sannan ta juya ta kama hanyar Ollelewa.