Wasan da Ya Ƙi Buɗewa

Abdulƙahhar yana da ɗakin wasannin kwamfuta a Zongo, kuma bai taɓa sa kwafin sata a injinansa ba. Wasan tseren motocin da aka fi so ma, na asali ya saya.

Ranar Asabar ya shirya gasa, mutane suka zo har daga unguwar Bè. Ya kunna inji, wasa ya ƙi buɗewa. Rubutu ya fito da Faransanci, wai ba a tabbatar shi ne mai shi ba. Da ya bincika a waya, sai ya ga kamfanin ya rufe na'urar da ke tantance masu saye tun jiya.

Maƙwabcinsa Kimba, mai gyaran waya, ya leƙo.

"Nawa yana tafiya lafiya, Malam. Fasasshe ne, an cire masa kwaɗo, ba ya neman izinin kowa. In kawo maka?"

Abdulƙahhar ya buga tebur.

"Sun sa kwaɗo saboda ɓarayi, ga ɓarayi suna wasa, ni da na saya da halalina aka kulle a waje!"

"Su ma 'yan kamfanin guminsu suke tsarewa," in ji Kimba.

"Nawa gumin fa? Ruwa ne?"

Ya zaro faifan wasan, ya karya shi biyu a gaban kowa. Kwafin Kimba kuwa ya ce ko kyauta ba ya so. Baƙi suka bi Kimba shagonsa, can aka yi gasar. Abdulƙahhar kuma ya zauna a benci, yana jin ihunsu.