Kyandir Bayan Faɗuwar Rana

Ranar Juma'ar da aka kwantar da ɗanta Tobías a asibiti, Perla, matar yayana, ta dawo gidanmu na unguwar Once da gudu. Amma rana ta riga ta faɗi, Asabar ta shigo, kunna wuta ya haramta a addininmu na Yahudawa. Ta tsaya gaban kyandirori biyun da matar gida ke kunnawa kafin faɗuwar rana. Sai ta ƙyasta ashana, ta kunna su. Ta rufe fuska da tafukanta, tana kuka tana kiran sunan yaron. Ban taɓa jin addu'ar da ta ratsa ni kamar wannan ba.

Mahaifiyarmu Reizl ta shigo.

"Ke Perla, kin dubi sama kuwa?"

"Mama, Allah ya ga zuciyata."

"Zuciya? Ko kaza tana da zuciya. Lokaci aka yanka mana."

Perla ta sunkuya za ta hure su.

"Kul. Kashewar ma zunubi ce. Ɗaya bai ishe ki ba?"

Mama ta sa muka kwashe burodi da romon kaza zuwa tsakar gida, don kada kowa ya ci abinci da hasken haram. Yaya Hersh ya ɗauki kujerarsa, ko kallon matarsa bai yi ba. A bakin ƙofa Mama ta juyo, ta ce da ita a hankali, "In jikin yaron ya rikice, kada ki wahalar da kanki wajen neman dalili."

Perla ta zauna ita kaɗai. Ba damar kashe kyandirorin, ba ta kuma iya kallonsu, har suka narke.