Kujerar Bakin Taga

Asalin shagon ɗinkin nan sito ne na wani ɗan kasuwa, shi ya sa taga ɗaya tak gare shi. Da mahaifin maigidan yanzu ya mayar da shi shago, sai ya kafa doka: wanda ya fi fitar da aiki a wata, shi ke zama bakin taga wata mai zuwa. A zamaninsa kujerar takan zaga, amma tun da ta faɗa hannun telan da ake kira Guguwa, ba ta sake motsi ba. Shi kuwa bai taɓa shakkar cancantarsa ba, domin shi ke buɗe shago, shi ke rufewa.

Can ƙurya Goggo ke zama, ƙanwar mahaifin Guguwa, wadda ta koya masa riƙon almakashi. Ɗinkinta ya fara karkacewa, har maigida ya ce in aka sake dawo da riga, sai ta huta a gida. Ranar da aka dawo da rigar, musu ya kaure kan kujerar bakin taga.

"A riƙa karɓa-karɓa," in ji Dogo mai guga. "Rana ba gadon kowa ba ce."

"In rago da mai himma za su sami haske ɗaya, wa zai ƙara sammako?" in ji Guguwa. "Gumina ya ba ni kujerar nan."

Goggo ta yi dariya. "Ɗana, gumin naka ne, ban musa ba. Zo ka yi shi a nan, mu ga ko zai nuna maka kafar allura."

Kunya ta hana shi ƙi, suka yi musanya. Kafin rana ta take ya farke wuyan riga, ya sake farkewa. Da ya ɗaga kai sai ya hangi keken Goggo yana gudu, ɗinki a miƙe sumul. Ashe kujerar ma tana taya shi cin kujerar.

Duk da haka shawarar Dogo ba ta kwanta masa ba, don a ganinsa rabon duhu ne kawai. Ya jingina da bango yana tunani, sai ya ga shatar tsohuwar ƙofar da ake shigo da buhuna a zamanin sito, wadda aka toshe.

"Maigida, a bar ni in fasa nan."

"Wa zai yi aikin?"

"Ni da Dogo."

"Ni fa baki kawai na sa," in ji Dogo.

"To, yau ka sa hannu."

Da ƙura ta lafa, haske ya kwanta har kan keken ƙurya. Goggo ta koma wurinta, ta gyara rigar nan. Maigida ya ɗaga ta, ya bi ɗinkin da yatsa, ya rataye ta, sannan ya miƙa mata sabon yadi.

"Dokar tana nan?" ta tambaya.

"Tana nan."

Ta dubi Guguwa. "To, ɗana, ka ƙara sammako."