Kular Odessa

Ranar da sakamakon jarrabawar shiga jami'a ya fito, Vernon Stuckey ya rufe shagonsa na kayan gyaran tarakta tun rana na tsaka, ya bi garin nan nasu na jihar Nebraska shago shago yana ba da labari. 'Yarsa Odessa tambaya ɗaya tak ta faɗi a duk jarrabawar, ita ma ɗin yarinyar ta kafe a kan masu jarrabawar ne suka yi kuskure.

Murnar ba ta yi mako ba, Mista Dunleavy, malamin da ke ba ɗalibai shawarar inda za su nema, ya kira su ofishinsa. Ya ajiye takardu biyu a kan tebur, ta jarrabawar da ta sakamakon aji.

"Wannan ta ce 'yarka za ta iya ƙera jirgin zuwa wata," in ji shi. "Wannan kuma ta ce kada a ba ta ajiyar almakashi."

"To a nuna wa jami'o'in ta farkon mana."

"Duka biyun suke karɓa, Mista Stuckey."

"A ninke ta biyun ƙanana, a sa a ƙasa."

Odessa tana gefe tana kallon wani tabon danshi a silin. Matsalarta ke nan tun tana ƙarama. Duk abin da ya ruɓe, ko ya tsiro a inda ba a shuka shi ba, shi ne abokinta. Aikin gida kuwa ba ta ƙi shi ba, mantawa take akwai shi. Malamin tarihi ya ce a rubuta dalilan yaƙin basasa, ta kawo masa shafuka a kan yadda ƙafafun sojoji ke ruɓewa a cikin takalmi. A darasin motsa jiki ana gudu, ita tana kwance rub da ciki a bakin fili tana leƙen ƙarƙashin ciyawa.

Mista Dunleavy ya ce irin wannan ɗaliba makarantu uku ake duba mata: ta mafarki, ta daidai-wa-daida, da ta ko-ta-kwana. Da ya faɗi sunan ta ko-ta-kwanar, wata 'yar kwalejin noma da ke tsakiyar gonakin aladu a yammacin jihar, Vernon ya miƙe ya ɗauki hularsa. Shi bai yi jami'a ba, kuma bai haifi mai irin wannan maki don ta je ta shaƙi aladu ba.

Suka shirya zagayen gani da ido a a-kori-kurarsa. Da safen tafiyar, matarsa Darlene ta fito daga gareji riƙe da wata jar kula, ta miƙar da hannuwa nesa da jikinta. A ciki Odessa ke kiwon fumfunar da ta kankaro daga wani tsohon rumbun masara, kwalba kwalba a kan ƙanƙara.

"Ko ku tafi da ita, ko ku dawo ku tarar na ƙone ta," in ji Darlene. "Jiya na ji tana motsi."

"Iska ce take fitarwa, Mama."

"Ta je ta fitar a wata jihar."

Jami'ar mafarki gine-ginen dutse ne, ganye ya lulluɓe bangon har taga. Wata mata mai siririn tabarau ta karɓe su, ta tambayi Odessa me ta fi sha'awa.

"Tambaya ɗaya ta faɗi," in ji Vernon.

Matar ta yi murmushi, ta tambayi yarinyar ko tana wasanni.

"Ɗaya tak," in ji Vernon. "Ita ma ana bincike."

Matar ta buɗe ɗaya takardar, wadda Vernon ya ninke har ta koma kamar tikitin mota, ta warware ta a hankali. Ta ce ta yaya mai son kimiyya ta kusa faɗuwa a darasin kimiyya?

"Firjin malamai na ara na ajiye fumfunata," in ji Odessa. "Shugaban makaranta ya ɗauka cuku ne, ya shafa a burodi."

"Wani abu ya same shi?"

"A'a. Washegari ma ya dawo neman ragowar. Da aka faɗa masa ne ya kwanta asibiti."

Matar ta rubuta wani abu gajere. Sannan ta shaida musu cikin alfahari cewa su kusan kowa suke ƙi, bara har ɗan shugaban jami'ar suka mayar gida. Maganar ta burge Vernon ƙwarai. A mota ya ce wa Odessa wurin da ke ƙin mutane haka ai shi ne wurin zuwa. Ita kuwa ta ce ganyen bangon nasu yana da cuta, kuma ba wanda ya lura.

A jami'a ta biyu wani ɗalibi mai fara'a ne ya zagaya da su, yana tafiya da baya don ya fuskance su, kamar yadda aka koya masa. Ya nuna musu wurin ninkaya, da injin da ke ba da askirim kyauta, da ɗakin da ake ajiye karnuka don ɗalibai su shafa in jarrabawa ta matso. Yana cikin bayani ya faɗa kwamin ruwan ado da ke tsakar makarantar. Bai yi shiru ba, daga zaune cikin ruwan ya ƙarasa zancen karnukan.

"Ina ɗakin gwaje-gwaje?" in ji Odessa.

Ya ɗan yi tunani, ruwa na ɗiga daga gashinsa. "Akwai shi. Na taɓa jin wani ya ce ya shiga."

A hanyar dawowa Vernon bai kunna rediyo ba. Masara ce dama da hagu har iyakar gani. Yana tuƙi yana satar kallon 'yarsa, ta jingina kai da gilas, ya rasa ko haushinta yake ji ko tausayi. Ya so ya tambaye ta me ya hana ta yin aikin gidan nan kamar 'ya'yan kowa, sai ya tuna shi ne ya saya mata madubin ganin ƙwayoyin cuta tana aji uku, ya kuma kafa mata tebur a gareji da hannunsa.

Warin ne ya katse masa tunani. Ƙanƙarar ta narke, abin da ke cikin kular ya farka. Odessa ta ce in ba a samu ƙanƙara yanzu ba, aikinta na shekara biyu ya tafi. Ba gidan mai, ba kanti, sai wani allo da ke nuna hanyar kwalejin noman da Vernon ya rantse ba zai taka ba.

"Ƙanƙara kawai," ya ce yana juya sitiyari. "Kada ki kalli komai."

Ko kashe mota bai yi ba, wata dattijuwa cikin takalmin roba ta ratso filin ajiye motoci, hanci sama, tana bin iska. Ta wuce su ba gaisuwa, ta haye bayan motar, ta buɗe kular ta cusa kai. Da ta ɗago idanunta na hawaye, fuskarta kuwa fal murna. Ta sa yatsa a gindin kular, yatsan ya ɓulla ta waje.

"Robar take ci," ta ce. "Ta wace ce?"

"Tawa," in ji Odessa.

"Ranki ya daɗe," in ji Vernon, "tambaya ɗaya ta..."

"Malam, matsa, kana tare min haske."

Farfesa Rasmussen ke nan, shugabar sashen nazarin ƙasar noma. Ta nemi a sayar mata, Odessa ta ƙi. Ta nemi aro, Odessa ta rungume kular. Sai ta tasa su gaba har ofishin magatakarda, ta dire kular a kan teburinsa tana yoyo.

Magatakardan ya toshe hanci, ya duba takardun. Ya ce makin jarrabawar ya fi na kowa a tarihin kwalejin, amma sakamakon ajin bai kai ƙa'ida ba, ko ta nan ɗin. Vernon ya ji kamar an mare shi. Ashe ko-ta-kwanar ma ba ta kwana da shirinsu ba.

"To ɗauki kular," in ji farfesar.

"Kular tana da sakamako?"

"Ba ta taɓa faɗuwa ko darasi ɗaya ba."

Magatakardan ya yarda wannan gaskiya ne. Ya buɗe littafin dokoki ya daɗe yana dubawa. Ya ce ana iya karɓar kular a matsayin kayan bincike, kuma doka ta ce duk kayan bincike mai rai sai da mai kula da shi, mai kula kuwa dole ya zama ɗalibi. Saboda haka za a ɗauki Odessa na gwajin zango ɗaya. Farfesar ta ƙara nata sharaɗin: duk Juma'a sai ta ga aikin gidan kowane darasi, har na tarihi, kafin ta ba da makullin ɗakin gwaji.

Odessa ta kalli kular, ta ce ta yarda.

Kafin su fita Vernon ya tsaya a kantin kwalejin sayen ƙanƙara, ya fito da hula mai hoton alade sanye da tabarau. Ya ce don Darlene ya saya. Ba su kai babban titi ba ya sa ta a kai.

Darlene tana bakin ƙofa da suka iso. Ta kalli hular, ta leƙa bayan motar ta ga wayam.

"Wa aka ɗauka, ita ko abin nan?"

"Duka biyun," in ji Vernon. "Amma kular ce ta samu tallafin karatu, da ɗaki mai na'urar sanyi. Odessa za ta raba ɗaki da wata yarinya daga Omaha."