Saƙon Hajjo Zuwa Ka'aba

Hamisu ya kashe babur a ƙofar wani gida a Dingaya, amma ya kasa sauka. Jibi jirginsu zai tashi zuwa Makka, kuma kamar kowane maniyyaci, ya zaga dangi da maƙwabta yana neman gafara. Gidan nan kaɗai ya rage, shi ne kuwa yake tsoro.

Manaja ne a wani asibitin kuɗi a Birnin Kudu. Mai asibitin, ɗan kasuwar da bai san komai a harkar lafiya ba sai ciniki, ya yi masa alkawari: in shekara ta ƙare ba a fitar da gawa daga asibitinsa ba, kujerar Makka tasa ce. Hamisu ba likita ba ne, amma nan da nan ya gano maganin mutuwa. Duk wanda aka kawo rai a hannun Allah, sai ya raɗa wa nas Catherine ta ce babu gado, shi kuma ya fito da fuskar tausayi ya samo musu motar Kano.

Haka aka yi wa Barau, manomin da maciji ya sara, a makon da likitocin gwamnati suke yajin aiki. Allurar maganin dafin kuwa tana cikin firij ɗin asibitin. Ko Wudil ba su kai ba ya cika. Tun ranar, da Hamisu ya tayar da sallah sai ya ga kumburarriyar ƙafar nan ana tura ta cikin mota.

Ya daure ya yi sallama. Hajjo, matar marigayin, tana ɓarar gyaɗa a tsakar gida. Kallo ɗaya ta gane shi.

"Lale, lale! Ba kai ne bawan Allahn da ya samo mana mota ba?"

"Ni ne, Inna." Ya durƙusa. "Makka zan tafi. Na zo ki yafe mini."

"Me ka yi mini, ɗan nan? Kowa ya juya mana baya ranar, kai kaɗai ka tsaya. Na yafe maka duniya da lahira."

Ya buɗe baki zai yi magana, ta riga shi.

"Sai dai ina da saƙo. Yarinyar nan nas, da hawaye ta ce mini daga sama aka hana mu gado. Ban san ko wane ne ba, ba kuma na son sani." Ta ajiye ƙwaryar gyaɗar. "In ka tsaya gaban Ka'aba, ka ɗaga hannu ka ce Hajjo ba ta yafe masa ba. Bakinka zai fi nawa kusa. Ka ɗauki amanar?"

Hamisu ya sunkuyar da kai.

"Na ɗauka, Inna."